Takardar Shaidar Tuzuru

Tsakanin ƙofar gidanmu da ta gidan su mijina taku goma sha biyu ne. Na sha ƙirgawa tun ina yarinya, in an aike ni da kwanon tuwo. Asibiti ɗaya aka haife mu a nan Madina, ya girme ni da shekara huɗu. Kakana da kakansa uwa ɗaya uba ɗaya suke, tare suka taso a ƙasa daga wani ƙauye na Damagaram, suna tafiya suna yada zango suna ƙwadago a gonakin Sudan har suka tsallako teku. Amma ranar da muka tashi yin aure, sai aka sanar da ni cewa baƙo zan aura, ɗan wata ƙasa, kuma ba za a ɗaura ba sai hukuma ta ba da izini a rubuce.

Laifin kakansa ne, Allah ya jiƙansa. Lokacin da ake rubuta mutane ana ba su takardar zama 'yan ƙasa, kakana ya je ya dangwala yatsa. Nasa kakan ya ce shi aikin Hajji ya kawo shi, baɗi war haka yana gida yana shan furarsa, me zai yi da takardar Larabawa? Baɗin nan ta yi ta zuwa tana wucewa har tsohon ya kwanta a maƙabartar Baƙi'a. Gadon da ya bar wa jikansa shi ne fasfo na Nijar, ƙasar da yaron bai taɓa takawa ba, da iƙama, katin zaman baƙi da ake sabuntawa kamar haya.

Abin dariyar, ni 'yar ƙasa ni ce mai Hausa a baki, don a ɗakin kakata na tashi. Shi baƙon, ɗan Nijar na takarda, yana ji sarai amma da Larabci yake amsawa. In ya matsa wa kansa ya yi Hausa, sai ka rantse tsakuwa ce a bakinsa. Sana'arsa gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma a garin da zafi ke narka kwalta wannan ba ƙaramar sarauta ba ce. Yaya nake ce masa tun ina ƙarama, har yau ban sauya ba.

Da ta mutanen dauri za a bi, da an tara dattawa an shafa fatiha an wuce wurin. Ni na ƙi. Na ga yaran da aka haifa a irin wannan aure na bayan takarda a unguwarmu, ina koyarwa a makarantar 'yan mata, na san yadda uwa take tsayawa a bakin ƙofa da yarinya a hannu a ce mata babu sunanta a ko'ina. Na rantse ba zan haifi ɗan da zai gaji taurin kan wani tsoho ba. Sai da na jira na kai shekarun da aka yanka wa mace kafin ta nemi irin wannan izini, ƙawayena na goyo na biyu ni ina jiran kalanda.

Da lokaci ya yi, Abbana ya kira maƙwabcinmu, wani dattijo Bahaushen Sudan da muke kira Kawu. A ƙuruciyarsa mai bin takardun mutane ne a ofisoshi, ya daina tun kafin a fara yin komai ta waya, amma har yanzu ba ya fita sai da koriyar jakarsa a hammata. A unguwarmu in Kawu ya ce takarda kaza ake so, magana ta ƙare. Ya zauna ya sha shayi kofi uku, ya lissafo mana: hotuna, gwajin jini, shaidar wurin aiki, shaidar rashin laifi. Sannan ya ɗaga yatsa.

"Sai babbar," in ji shi. "Takarda daga ƙasarsa, da hatimi, cewa ba shi da mata a can."

"Ya Ammi," in ji Yaya, wato kawu da Larabci, "ni fa ban taɓa zuwa ba."

"Shi ya sa, ya zol, bawan Allah! Da ka je ai da an san abin da ka aikata. Wanda bai je ba shi ne abin tuhuma."

Babu wanda ya ga gibi a wannan hujja, har da ni mai digiri.

A ƙauyen namu akwai Baffa, ɗan wan kakanninmu da bai yi tafiyar ba. Shi ne babba a zuri'a gaba ɗaya, shi ne limamin gari, kuma tunda mahaifin Yaya ya rasu, uba yake gare mu mu biyu. Shi za a roƙa ya je ofishin magajin gari da shaidu biyu ya karɓo takardar. Aiki ne na minti biyar a waya, in da wani aka ba. Sai aka ba Abbana.

Ni 'yar fari ce. Abbana, mutumin da aka haifa a Madina, mai aiki a kamfanin tattara dabino, mai kallon ƙwallo da Larabci, bai taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari. "Ke" nake, ko "waccan". To wannan mutumin aka ɗora wa ya buɗe baki ya yi wa yayansa bayanin aurena dalla-dalla. Bayan la'asar ya kira, ina tsaye a bayan labule. Suka gaisa, suka gaida damina, suka gaida gero, suka gaida matattu ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan magana sai muryar Abba ta shige ciki.

"Yaya Malam, dama yaran nan naka ne... suke so su haɗa kansu."

"Alhamdu lillahi! Wace da wane?"

Abba ya yi ta kewaye-kewaye har Baffa ya gane da kansa. Na ji kabbararsa ta cika ɗakin.

"Ku ne iyaye," in ji Abba, gumi na zubo masa. "Ni ba ni da ta cewa. 'Yarka ce, ɗanka ne, duk abin da ka yanke ya yanku. Sai dai akwai wata 'yar takarda da hukumar nan take so, ta sha'anin auren."

"Takarda? Wannan mai sauƙi ce. Bar mini."

Ina ta ɗaga masa hannu daga bayan labule, ina nuna masa ya faɗi abin da za a rubuta a ciki. Ya kau da kai kamar bai san ni ba, dama ya saba. Da ya ajiye wayar na ce, "Abba, ba ka gaya masa wace iri ba." Ya ce babba ba a yi masa dogon bayani, malami ne, ya fi mu sani.

Sati uku bayan nan, ranar Juma'a, muna cin shinkafar rana, saƙo ya shigo wayar Umma. Hoton bidiyo ne. Ga mutane cike a gindin bishiya ƙofar masallaci, ga Baffa da rawani a tsakiya, ga tire na goro, ga dabinon da mu da kanmu muka aika musu tsaraba ana rabawa. Wani maroƙi yana ta ɗaga murya yana cewa an ɗaura auren wane da wance, jikokin Alhazan Madina, a kan sadaki tunkiya ɗaya, lakadan ba ajalan ba. Baffa ne waliyyina, ƙaninsa wakilin ango. Bayan bidiyon sai hoton takarda, da hatimi har biyu, shaidar aure. Umma ta rangaɗa guɗa kafin hankalinta ya iso inda bakinta ya riga ya je.

Haka na zama matar aure da lomar shinkafa a hannu.

Aka kira Kawu. Ya kalli takardar, ya cire tabarau, ya mayar, ya ce, "Musiba! Aure kafin izini laifi ne. In wannan ta shiga fayil, ku manta da zancen. Ku goge ta daga wayar ma." Abba ya ruga wurin malamin masallacin unguwa da fatan a ce masa auren bai ɗauru ba. Malamin ya tambaye shi ko da bakinsa ya ce duk abin da aka yanke ya yanku. Abba ya ce kara ce kawai ya yi. Ya tambaya ko yarinya tana so, ko yaro yana so. Abba ya ce so kam har ya yi yawa. Malamin ya ce to barka, Allah ya ba da zaman lafiya.

Wannan karon ni na karɓi wayar. Kunya ta riga ta yi mana aikinta, ban ga abin da ya rage a ji ba.

"Amarya!" in ji Baffa. "Ɗiyata, kin ga aiki ko? Tunkiyarki na nan lahiya lau, har ta ɗauki ciki."

Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na yi masa bayani a hankali, kamar ina koya wa 'yan aji ɗaya. Takardar da ake so ta cewa ba shi da mata ce.

"To, ni na ɗaura da bakina," in ji shi. "Gari ya shaida. Yanzu in tahi gaban magajin gari da furfurata in ɗaga hannu in ce yaron ga ba shi da mata? Gobe in shiga gaba in ja salla?"

"Baffa, ko wasu shaidun daban?"

"Su wa? Kowa ya ci goro. Shi kansa mai buga hatimin a sahun gaba ya zauna, har ya yi guzurin dabino."

"To yanzu mene ne mafita?"

"Ni dai ba na shaidar zur. Ranar da ba shi da mata, zan rubuta ba shi da mata."

Ya faɗi haka ya koma tambayar lafiyar Umma. Na fahimce shi sarai, na yi kamar ban fahimta ba.

Wata huɗu muka yi a haka. A wurin Allah ni matar Yaya ce, a wurin hukuma budurwa ce mai neman izini, a wurin matan unguwa kuwa abin hira ce da ba ya tsufa. In na wuce sai su ce, "Amarya, yaushe za a kai ki? Ko motar ce ba ta iya taku goma sha biyu?" Wasu suka ce in tare kawai, aure ai ya ɗauru, takarda ta biyo baya. Su ne dai waɗanda za su fara tausaya wa 'ya'yana da baki in abin ya ɓaci. Shi kuwa ango yana zuwa gaishe da Umma ya zauna a bakin kujera kamar mai neman aiki, ya sha shayi ya tafi. Kawu ya gwada neman wata hanya, ya je ya dawo, ya ce ko ta ina aka bi sai an koma ƙauyen nan, ƙauyen kuma Baffa ne.

Ni na fara furtawa. A ƙofar gida na tare shi yana sauke wata tsohuwar na'ura daga mota, na ce, "Yaya, ka sake ni."

Saura kaɗan na'urar ta faɗo masa a ƙafa. Na yi masa lissafin a tsaye: saki ɗaya, ba a tare ba balle a yi idda, Baffa ya rubuta gaskiyarsa, izini ya fito, a sake ɗaurawa. Har dariya nake yi ina faɗa, don ni a lokacin dabara na gani, irin ta mai wayo da ta gano ƙofar baya. Ya ce da Larabci harshensa ba zai iya ba. Na ce harshen da ya iya cinikin kayan gyara zai iya wannan. Ya ce igiya uku ce kawai Allah ya ba mutum, ba a wasa da su. Na ce biyu sun ishe mu, sai dai in yana da niyyar yin amfani da su. Sati biyu ina bin sa da wannan magana, da faɗa da lallashi, har na ce masa in ya fi son igiyarsa a kan makarantar 'ya'yansa ya faɗa mini tun yanzu. Wannan ce ta karya shi. Na san za ta karya shi, shi ya sa na faɗa.

Aka sa rana, bayan la'asar, a ɗakin baƙinmu. Abba da Kawu shaidu, waya a tsakiyar darduma, Baffa a ciki yana sauraro. Ni ina bakin ƙofa, na ci kwalliya don tsokana, ina ce wa Umma yau 'yarki za ta zama bazawara ba ta taɓa ganin ɗakin miji ba. Yaya ya zo da farar riga, ya zauna ya sunkuyar da kai. Ya yi wata magana ƙasa-ƙasa da Larabci.

"Ban ji ba," in ji Baffa daga cikin waya. "Da Hausa aka ɗaura, da Hausa za a kwance. Ɗaga murya, yaro."

Ya ɗago ya dube ni. Tun tasowarmu ban taɓa jin ya haɗa jimlar Hausa ta fita tsaf ba tare da ya cusa Larabci ko ya yi tuntuɓe ba. Ranar ta fita tas, kamar a Damagaram aka yaye shi.

"Na sake ki, saki ɗaya."

Dariyar da ke bakina ban san inda ta shiga ba. Na san dabara ce, ni na ƙulla ta, ni na matsa, amma jikina bai san dabara ba. Na zauna a ƙasa a inda nake. Mutumin da nake so tun ina kai musu tuwo ya dube ni ya ce ya sake ni, kuma babu wani hatimi a duniya da zai mayar da maganar cikin bakinsa. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar kakata. Shi ma ya rufe fuska da hannun riga. Abba ya tashi ya fita ba takalmi.

Cikin wannan hali muryar Baffa ta taso daga darduma, yana cewa innalillahi, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, sannan a sani cewa tunda ba a tare ba, rabin tunkiya ne nawa.

Bayan wata biyu takardar ta iso a jakar wani mai Umra, an naɗe ta cikin leda uku. Aka kai ta fassara, aka kai ta tambari, ta dawo da hatimai sun fi rubutun yawa. Kawu ya jera fayil ɗin da hannunsa, ya sa ta a sama don ita ce babba. Muka tafi ofishin mu huɗu, ni da Abba da Kawu da tsohon mijina.

Ma'aikacin saurayi ne, bai kai ni shekaru ba. Ya karɓi fayil, ya duba na'urarsa, ya fara juya takardu. Ta saman ya fara cirewa, ya riƙe ta da yatsa biyu.

"Wannan ta mece ce?"

"Shaidar ba shi da mata a ƙasarsa," in ji Kawu, yana gyara tsayuwa.

Saurayin ya sake kallon na'ura. "Ai nan aka haife shi, kuma ga shi bai taɓa fita ba. Ba ma buƙatarta." Ya turo ta gefe, ko buɗe ninkin fassarar bai yi ba, ya ci gaba da sauran.

Na juya na dubi Kawu. Ko dokar ce ta sauya, ko dama can haka take, har yau ban sani ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "A zamaninmu ana so." Da ba don furfurarsa da idon mutane ba, da koriyar jakar nan na rufe shi da duka. Amma in zan faɗi gaskiya, Kawu takarda kawai ya ce a kawo. Abba kara ya yi, Baffa gaskiyarsa ya riƙe. Wadda ta tsaya a ƙofar gida ta ce a sake ta, ni ce. Yaya kuwa ya miƙa hannu. Ya ɗauki takardar daga kan teburin, ya ninke ta, ya sa a aljihun gaba.

Izinin ya fito bayan wata bakwai, saƙo ne ɗan layi biyu a waya. Aka sake ɗaura aure a nan, a rubuce, Abba da kansa ya zama waliyyi, aka tilasta masa ya faɗi sunana a gaban mutane, ya faɗa kamar ana cire masa haƙori. A takardar hukuma aurenmu na fari ne. Malamin unguwa ne ya ja Yaya gefe ya tuna masa cewa a wancan littafin da ba a gogewa, saura biyu. 'Ya'yanmu uku yanzu, kowa da takardarsa, kowa na zuwa makaranta. Fasfo ɗinsu na Nijar ne, na ubansu, tsohon nan na Baƙi'a bai saki zuri'arsa ba har yau. Baffa yana aiko mini da labarin tumakina duk shekara, ya ce sun zama garke, sai dai bai san yadda zai raba rabin ba.

Shekarar da na haifi na biyu muka yi wani mummunan faɗa, a kan abin da yanzu ba na ma tunawa. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina kamar yadda ya saba, na faɗi abin da mata kan faɗa in wuta ta kai wuta.

"To ka sake ni mana!"

Yana tsaye da jakar kayan aikinsa a hannu. Ya dube ni irin kallon ranar nan ta ɗakin baƙi, ya amsa da Hausa.

"Kin ce in yi, na yi sau ɗaya. Ba na ƙarawa."

Ya fita wurin aikinsa. Ban sake faɗar wannan kalma a gidana ba.